Yadda Ake Ɗaukar Faɗa Irin Na Enter the Dragon Ba Tare da An Fasa wa Kowa Baki Ba

Matasa masu haɗa gajerun fina-finai da waya sun sha aiko da tambaya guda: me ya sa faɗan da suka ɗauka yake ba mutane dariya, alhali Enter the Dragon, fim ɗin Bruce Lee na 1973, har yau idan aka kunna shi a majalisa sai hira ta tsaya? Ba tsadar kyamara ba ce. Abin da ke riƙe mai kallo a wannan fim shi ne yana ganin jikin jarumi daga kai har ƙafa, ya san dalilin faɗan, kuma kowane duka yana ganin inda ya taso da inda ya sauka. Wannan aikin tsari ne, ana kuma iya koyonsa. Ga yadda za ka haɗa faɗa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin mutum biyu, daga takarda har zuwa tacewa.

1. Kalli fim ɗin da biro a hannu

Ware faɗa uku kawai: na farkon fim da Lee ya yi da Sammo Hung, na gasar tsibirin Han, bos ɗin fim ɗin, da ya yi da O'Hara, wanda Bob Wall ya taka, sai na ƙarƙashin ƙasa inda masu gadi suka yi masa taron dangi. Kowanne ka kalle shi sau uku. Na farko yadda yake, na biyu ka kashe sauti, na uku ka rage gudunsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ka riƙa rubuta abu uku: motsi nawa ake yi kafin a yanke hoto, a ina kyamara take tsaye, da tsawon lokacin da ake yi ba a kai duka ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne abu na ukun, wato lokacin da ba a kai duka. A faɗan O'Hara, mutanen biyu suna haɗa bayan hannu su tsaya, ido cikin ido, filin ya yi tsit, sannan naushin Lee ya fita kafin ɗayan ya motsa. Tsayuwar ta fi dukan tsawo nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke sa dukan ya yi nauyi.

Hattara: kada ka kwaikwayi saurin Bruce Lee. Mutum ne da ya fara koyon salon faɗan Wing Chun a hannun malaminsa Ip Man tun yana saurayi, ba a kamo shi da atisayen mako biyu. Tsarin faɗan za ka ɗauka, ba gaɓoɓinsa ba.

2. Rubuta labarin faɗan kafin motsinsa

A rabin shafi ka amsa: wa ke faɗa da wa, me ya haɗa su, wa ke da rinjaye a farko, a ina lamarin ya juya, yaya ya ƙare. Kafin Lee ya tsaya gaban O'Hara an riga an nuna wa mai kallo cewa O'Hara ne sanadin mutuwar 'yar'uwarsa, shi ya sa duk wanda ke kallo yake jiran wannan haɗuwa. Idan naka faɗan ba shi da irin wannan dalili, ko da a jimla biyu kafin a fara, to motsa jiki kawai ka ɗauka.

Ka sa juyi biyu aƙalla. Misali, bos ya fara rinjaye, jarumi ya gano lagonsa, bos ya harzuƙa ya ɗauko makami. Kuma ka bari jarumi ya sha duka. A faɗan ƙarshe Han ya yakushe Lee a fuska da ƙirji da ƙarfen hannunsa, waɗannan tabon su ne hoton da mutane suka fi tunawa.

3. Mutane, kaya, da inda kuɗi ke tafiya

Mutum shida sun isa: 'yan wasa biyu, mai tsara faɗa, mai kyamara, mai kula da katifa da lafiya, da mai rubuta kontinuiti, wato mai lura kada tufafi ko tsayuwa su sauya daga hoto zuwa hoto. Mai tsara faɗan ya kasance wanda ya yi shekaru a karate, taikwando ko judo, kuma ya saba koyar da mutane. Wajen zaɓen 'yan wasa, mai iya rawa ko ƙwallo da ke jin magana ya fi gwanin faɗa mai taurin kai amfani. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna da jiki da zuciya, amma hannunsu ya saba sauka da gaske, don haka sai an ƙara musu kwanaki kafin su saba da janye duka.

Kayan da ba a fita lokeshin sai da su: katifar soso mai kaurin inci 6 guda biyu, soson gwiwa da na gwiwar hannu, faffaɗan soso da za a ɗaura a ciki da baya a ƙarƙashin riga, akwatin taimakon gaggawa mai bandeji da filasta da maganin wanke ciwo, ƙanƙara a kula, ruwan sha mai yawa, sandar kyamara mai ƙafa uku, batirin caji, hodar jarirai, alli ko tef na yi wa ƙasa alama, da tufafin kowane ɗan wasa kashi biyu iri ɗaya.

Kuɗin ba a kyamara yake tafiya ba. Mafi yawansa abinci ne da ruwa da kuɗin mota na kwanakin atisaye, sai sallamar mai tsara faɗa, sai soso da tufafi. Katifa ana iya aro. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne kuɗin asibiti: ka ware su daban, a hannun mutum ɗaya, tare da mota ko babur da ke tsaye a wurin har a tashi.

4. Gyara wurin

Nemi fili mai faɗin taku goma kowace kusurwa, bayansa ba hayaniya. Bango mai launi ɗaya ko rairayi ya fi kasuwa. A share duwatsu, ƙusoshi da fasassun kwalabe, idan ƙasa ce a sassaƙe inda za a faɗi a zuba yashi. Tayil da siminti mai santsi ba wurin faɗa ba ne. Ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, musamman idan akwai makamin wasa, domin wanda ya hango daga nesa bai san fim ake yi ba. Idan a Kano kake kuma kana da niyyar sakin aikin, ka tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta jihar tun kafin ɗauka.

5. Tsara motsi, gaɓa gaɓa

Faɗan minti ɗaya yana cin motsi kamar 25 zuwa 30. Kada a haddace shi a dunƙule. A raba shi gaɓa shida ko bakwai, kowace gaɓa motsi uku zuwa biyar, a ba kowace lamba. Gaɓa ta ɗaya, misali: bos ya kawo naushin dama, jarumi ya tare, bos ya kawo na hagu, jarumi ya sunkuya, ya mayar da duka a ciki. Bayan kowace gaɓa biyu a sa tsayuwa, a ja da baya, a kalli juna, a share baki.

Ana koyon kowace gaɓa da ƙirge a bayyane, ɗaya, biyu, uku, a hankali ƙwarai. Sai an yi ta sau goma a jere ba kuskure kafin a ƙara sauri zuwa rabi, daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu. Nan ake tsayawa. Ba a yin cikakken sauri ko a ranar ɗauka, ragowar a wajen tacewa ake samo ta. Ka kuma sauya ƙirgen kada ya zama bai ɗaya: biyu da sauri, ɗan jinkiri, sannan ɗaya mai nauyi. Faɗan da kowane motsi ke da tsawo ɗaya gajiyar da ido yake yi.

Kwana biyar zuwa bakwai na atisaye, awa biyu kullum, shi ne mafi ƙaranci ga sababbi. A ranar ƙarshe a ɗauki gwajin gaba ɗaya da waya a haɗa shi, don a ga inda bai zauna ba tun kafin a tara mutane.

Hattara: dokoki biyu ba a sassauta su. Ba a kai duka sai an haɗa ido da abokin wasa, kuma ba wanda zai ƙara motsin da ba a tsara ba, komai daɗin da ya ji. Kowa a wurin yana da ikon cewa "tsaya", kuma da an faɗa an tsaya.

6. Naushin da bai taɓa fuska ba

Nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa, don haka a natsu a nan. Dukan fuska ba ya taɓa fuska. Hannu yana wucewa da tazarar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, a gaban fuskar. Aikin kyamara shi ne ɓoye wannan tazara. Kyamara ba ta iya auna zurfi yadda ido biyu ke yi, saboda haka idan dunƙulen hannu ya ratsa tsakanin kyamara da fuskar, ko fuskar ta shiga tsakanin kyamara da hannun, mai kallo zai rantse duka ya sauka.

A aikace ga yadda ake yi. Ka tsayar da kyamara a bayan kafaɗar mai dukan ko a bayan kafaɗar mai karɓa, ta ɗan karkata gefe. Mai dukan ya kai hannu daidai tsayin haɓa, ya wuce da shi har ya tsallake layin fuskar, kada ya tsayar da shi a rabi. Idan ka ɗauka daga gefe sosai, inda ake ganin mutum biyu suna fuskantar juna, tazarar za ta fito fili, wannan kusurwa ta tarewa ce da shuri da dukan jiki. Ka ja baya ka yi amfani da gilashin waya mai kusanto da abu ninki biyu ko uku, yana matse tazara. Gilashi mai faɗi yana ƙara ta, kuma yana sa mai kyamara ya matso har shuri ya same shi.

Dukan ciki da na baya ana iya taɓawa, amma a kan soson da ke ƙarƙashin riga, kuma mai dukan ya janye ƙarfinsa daidai lokacin da ya taɓa. Shuri ya sauka da tafin ƙafa a shimfiɗe, ba da tsinin takalmi ba. Maƙogwaro, ƙeya, gwiwa, haƙarƙari da gaba ba a taɓa su sam.

Bayan kowace ɗauka a duba a kan allo firam bayan firam, wato hoto ɗaya bayan ɗaya. Idan an hango haske tsakanin hannu da fuska, kyamara za a gusar, ba mutum za a matso da shi ba.

7. Mai karɓar duka shi ke sayar da dukan

Jarumi yana da ƙarfi ne gwargwadon yadda abokin faɗansa ya nuna. A faɗan ƙarƙashin ƙasa, masu gadin da ke zubewa su ne suka yi rabin aikin, cikinsu har da Jackie Chan yana matashi, shekaru kafin duniya ta san sunansa. Mai karɓa ya juya kai zuwa inda hannun ya nufa, daidai lokacin da hannun ya ratsa layin fuskarsa, kafaɗa ta biyo, sannan ƙafa. Idan ya riga hannun juyawa an gane wasa ne, idan ya makara an ga hannun ya wuce a iska. Ya ɗumama wuyansa sosai kafin a fara, kuma kada a maimaita fizgar kai fiye da sau biyar ko shida a jere.

Faɗuwa ana koyonta a kan katifa, daga tsugune, sannan daga tsaye. Haɓa a manne da ƙirji don ƙeya kada ta bugi ƙasa, a fitar da numfashi, a sauka da faɗin baya ko gefen jiki, a bugi ƙasa da dukan damtse da tafin hannu. Kada a taɓa miƙa hannu a tokare ƙasa, nan wuyan hannu ke karyewa. Wajen ɗauka a raba faɗuwar biyu: hoton farko mutum ya fita daga firam ya sauka a katifar da ba a gani, hoto na biyu yana kwance a ƙasa ya ɗan yi tsalle da jiki kamar yanzu ya sauka. Idan aka haɗa su ba mai ganewa.

Hattara: faɗowa daga katanga, bene ko bishiya ba na wannan mataki ba ne. Jackie Chan kansa, da duk gwanintarsa, ya fasa ƙoƙon kai lokacin da ya faɗo daga bishiya wajen ɗaukar Armour of God. Duk wanda kansa ya bugu, an gama da shi a ranar. Idan ya yi amai, jiri, ko magana ta rikice, asibiti kai tsaye.

8. Makami, kwalba da jini

Sandar faɗa a yi ta da siririn bututun roba na ruwa a naɗe da soso da baƙin tef. Sanda biyu masu sarƙa irin waɗanda Lee ya juya su ma na soso ake yi, domin na katako mai juya su suka fi ji wa ciwo, a gwiwar hannu da ƙeya. Wuƙa ta roba ko ta kwali mai fenti. Ƙarfe na gaske ba ya shiga fili ko da ba shi da kaifi.

Kwalbar gaske kuwa a manta da ita. A wajen ɗaukar faɗan O'Hara an yi amfani da fasasshiyar kwalba ta gaske, lokaci ya ɗan saɓa, ta yanki Bruce Lee a hannu har sai da aka yi masa ɗinki. Idan labarinka na buƙatar kwalba, ka ɗauki fasa ta daban, ba kowa kusa, sannan a faɗan a riƙe ta roba da aka yanka aka yi mata fenti.

Jini: kofin sukari ɗaya da rabin kofin ruwa, a tafasa har ya yi kauri, a bari ya huce, a sa ƙaramin cokali na jar kalar abinci da rabin cokali na garin koko don ya yi duhu. Kaɗan ake sawa, layi ɗaya a gefen baki ya isa. Yana kiran ƙuda, kuma yana ɓata riga, dalilin tufafi kashi biyu ke nan.

9. Saitin kyamara da ranar ɗauka

Sa wayar a firam 25 a daƙiƙa. Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, don haka idan a ɗaki ne da ƙwan lantarki, shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ga kowane firam, ta tsaya a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyafta. Ga faɗa 1/100 ya fi, hannu yana fitowa sarai. Ka kulle haske da fokas kafin a fara, domin waya tana sauya su da kanta a tsakiyar motsi. Dukan ƙarshe kaɗai za ka ɗauka a firam 50 ko sama don a rage gudunsa daga baya.

Ka ja layi a zuciyarka tsakanin 'yan wasan biyu, kyamara ta zauna a ɓangare ɗaya na layin. Idan jarumi yana hagu, ya zauna a hagu har sai an nuna sun zagaya juna a cikin hoto. Tsallake layin nan shi ke sa mai kallo ya rasa wa ke dukan wa.

Ɗauki gaɓa gaɓa bisa jerin lambobinsu, kowace daga kusurwar da aka zaɓa mata tun a gwaji. Fara kowace gaɓa da motsin ƙarshe na wadda ta gabata, don mai tacewa ya sami inda zai haɗa. Yawancin hotunan su nuna jiki duka ko daga gwiwa zuwa sama. Hoton kusa na fuska ne da ido. Ka tuna lokacin da Lee ya gama da O'Hara, kyamara ba ta nuna ƙasa ba, fuskarsa ta tsaya a kai, kuma fuskar ce ta faɗi komai. Kada a girgiza kyamara don a ɓoye rauni, ba ya ɓoyuwa.

A barbaɗa hoda kaɗan a kan takalmi ko kafaɗar rigar da za a buga, hasken rana na fitowa daga baya, sai ƙura ta tashi daidai dukan. Tsohuwar dabarar Hong Kong ce kuma har yau tana aiki. A kiyaye ido, kuma kada a yi ta kusa da mai asma.

Yi aiki daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, a dawo bayan la'asar. Hutu da ruwa kowane minti ashirin. Gaɓa mafi wuya a yi ta da safe. Yawancin raunuka a ɗaukar "bari mu ƙara ɗaya" ta yamma suke faruwa, lokacin da ƙafa ta gaji kuma tazarar taƙi ɗaya ta fara raguwa ba wanda ya lura.

10. Tacewa

Manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ko ta DaVinci Resolve duk sun isa. Jera gaɓoɓin, ka yanke a tsakiyar motsi, ba bayan ya ƙare ba. Masu fim na Hong Kong kan ɗauki faɗa a firam 22 a nuna shi a 24, wanda ke ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari. Kai ma ka ƙara gudun zuwa kashi 105 ko 110 cikin ɗari. Da ka haura 115 tafiyar mutane za ta koma ta barkwanci, tufafi da ƙura su tona asiri.

Dabaru biyu na ƙara wa duka nauyi. Ka cire firam ɗaya ko biyu dab da saukar hannu, sai dukan ya fizga. Ga babban duka kuma, idan ka yanke daga hoto mai faɗi zuwa na kusa, ka maimaita firam biyu ko uku na saukarsa a hoton na biyu, domin ido yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kama sabon hoto. Kada ka yanke tsayuwar da aka tsara don kana ganin ba abin da ke faruwa a ciki.

11. Sauti

Yawancin fina-finan Hong Kong na wancan zamani ba sauti ake ɗaukarsu, daga baya a ɗora komai. Kai ma haka za ka yi, a ɗaki mai labule da katifa, da dare bayan an kashe janareta. Tsumagiya ko siririyar sanda da aka kaɗa kusa da makirfo tana ba da ƙarar wucewar hannu. Dukan matashin fata ko jiƙaƙƙen tawul da aka naɗe yana ba da saukar naushi. Karya busasshen karan dawa yana ba da ƙashi, buhun yashi da aka yar yana ba da faɗuwa. Kowane babban duka ya sami sauti biyu ko uku a haɗe: iska, sauka, da nishin mai karɓa. Ka naɗi kala biyar na kowanne, domin kunne yana saurin gane ƙara ɗaya da ake maimaitawa. Tarewa ta fi duka rauni a sauti, dukan ƙarshe ya fi kowanne.

Kukan da Bruce Lee ke yi nasa ne, duk wanda ya ara dariya za a yi masa, bari ɗan wasanka ya yi nishi da numfashi irin nasa. Kiɗan da Lalo Schifrin ya yi wa fim ɗin kuma yana da masu haƙƙi, idan ka ɗora shi YouTube ko Facebook na iya toshe bidiyon ko su kashe sautinsa. Ganga ɗaya da makaɗin unguwa zai buga maka, a tsayar da ita cak kafin babban duka, ta wadatar.

12. Gwada shi a kan wanda bai san aikin ba

Kashe sauti ka nuna wa mutum biyu ko uku da ba su je lokeshin ba, a kan waya, tunda a nan yawancin mutane za su kalla. Ka tambaye su wa ya fara rinjaye, a ina faɗan ya juya, da wane duka ya ƙare. Inda suka yi saɓani ko suka ce a mayar baya, rubuta lambar gaɓar. Idan tsallake layi ne, wani lokaci hoton fuska na daƙiƙa ɗaya a tsakani yana gyarawa. Idan tazarar naushi ce ta fito, sai an sake ɗaukar wannan gaɓa, da tufafi iri ɗaya, a daidai lokacin rana da aka yi ta farko don inuwa ta dace.